Koren da Martina Ta Bari

Jama'a, ku matso kusa. Masu turo mini saƙo kuna cewa na cika ƙorafi a kan saurayin da 'yan mata ke azumi don su samu irinsa, yau ku karanta da kyau sannan ku yanke mini hukunci. Ni Jemimah, 'yar Hayin Dogo a Samaru, ba matsoraciya ba ce. Ko kare ne ya biyo ni, tsayawa nake yi mu kalli juna. Amma tun ranar Asabar ɗin nan, idan na zo wuce madubin ɗakinmu sai na kau da kai.

Ga waɗanda ba su san Othniel ba, malamin lissafi ne a wata sakandare a Sabon Gari, kuma shi ke buga fiyano a cocinsu. Dogo ne mai sanyin murya, ba ya sha, ba ya yawon banza. A taron mawaƙa ya fara ganina. Ina tsaye a layin gaba ina rera waƙa, sai na lura wani ya kafe ni da ido ko ƙiftawa ba ya yi. Daga ranar bai bar ni na huta ba, ni ma kuma, in faɗa muku gaskiya, ban so ya bar ni ba. Ina son mutumin nan. Mama kuwa tuni ta gama aurar da ni a zuciyarta, babu matar da ba ta san sunansa ba a Zumuntar Mata ta cocinmu.

Na san ya yi wata budurwa kafin ni. Shi da bakinsa ya faɗa mini, wata rana muna cin gasasshiyar masara a bakin kasuwar Samaru.

"Sunanta Martina," ya ce. "Har an kai gaisuwa gidansu a Zonkwa. Lokacin dogon yajin aikin jami'a ta tafi gida."

"Ba ta dawo ba?"

"Ba ta dawo ba."

To ku gaya mini, a Samaru wa ke mamakin wannan magana? Garin ɗalibai ne. Kullum wani na ɗaure jaka zai tafi gida, hutu ne, yajin aiki ne, kuɗin makaranta ne ya gagara. Na ɗauka yarinya ta je garinsu ta samu wani ta yi zamanta. Har na ce a raina Allah ya ƙara nisa, na ci gaba da gaigayar masarata.

Ranar Juma'a da yamma ya zo gidanmu ya ce gobe zai kai ni in gaida mahaifiyarsa a Dogarawa. Ban taɓa ganinta ba. Ta daɗe a kwance da shanyewar ɓarin jiki, idonta ma ya yi rauni. Mama da ke laɓe a bayan labule ta kusa yin guɗa. Da zai tafi sai ya ciro wani ɗan abu daga aljihun rigarsa, naɗe a farin hankici, ya sa mini a hannu.

"Ki shafa gobe," ya ce. "Don Allah."

Da safe, bayan na yi wanka na goge atamfata, na zauna a bakin gado na warware hankicin. Ɗan akwatin hodar saman ido ne, irin wanda 'yan kwalliya ke kira aishado, baƙi, bai fi tafin hannuna ba. Na danna ya buɗe. Gida huɗu ne a ciki, duka kore. Akwai mai haske kamar ɓawon lemun tsami, akwai na ganyen zogale, akwai wani mai ƙyalli, sai na ƙasa mai duhu irin na gansakukar jikin rijiya. Ni da ma daga kwalli sai man leɓe, ban taɓa sa kore a fuskata ba, amma na ji daɗi. Namiji ya tsaya ya zaɓo miki launi, ai ba ƙaramin abu ba ne.

Sai na lura da mai duhun. Sauran ukun lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Shi kuwa tsakiyarsa ta lotsa, ta yi ɗan rami daidai kan yatsa. Madubin murfin ya tsage a kusurwa. Na kai hanci na shinshina, maimakon ƙamshin sabon kaya sai na ji warin kafur, irin na tufafin da suka daɗe a ƙasan akwati.

Wayata ta yi ƙarar shigowar saƙo. Shi ne.

"Kin buɗe?"

Na rubuta: "Na buɗe. Amma wata ta riga ni taɓawa."

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Can sai ga saƙo: "Na ƙasan za ki shafa, mai duhun. Da yatsa, ban da burushi. Ki ja shi har wutsiyar ido."

"Malam, a wace makaranta ka koyi kwalliya?" na tura masa har da fuskar dariya.

Bai yi dariyar ba. "Ki ɗaura ɗankwali ya sauko goshi," kawai ya ce.

Na leƙa kicin na nuna wa Mama ramin. Ko kallon kirki ba ta yi masa ba, tana ta fama da tukunyar wake.

"Ke dai ba a iya miki. Wataƙila mai shagon ce ta gwada. Yaro mai hankali zai kai ki gaban uwarsa, kin tsaya kina binciken hoda kamar 'yar sanda. Shekarunki nawa, Jemimah? Duk sa'o'inki suna goyo."

Na koma ɗaki na ja ƙofa. Hadari ya haɗu tun safe, ɗakin ya yi duhu-duhu, ga shi an ɗauke wuta. Na matsa jikin taga, na ɗora ɗan yatsana a kan ramin nan. Ya zauna cif, kamar da shi aka auna. Hodar na da sanyi, ga laushi. Na rufe ido ɗaya na shafa, na ja har wutsiya yadda ya ce, na yi wa ɗayan. Na ɗaura ɗankwali ya sauko goshi. Sannan na ɗaga kai na kalli madubi.

Kyau dai na yi, ba zan yi muku ƙarya ba. Koren ya hau baƙar fatata kamar don ni aka yi shi. Amma idanuna sun yi zurfi, sun ƙara tsawo, kallon da ke fitowa daga cikinsu na wata mace ce mai haƙuri, wadda ba ta ɗaga murya. Ni kuwa kowa ya san bakina. Na yi murmushi don in ga kaina, murmushin ma ya fito a hankali, ba irin nawa ba. Tsigar jikina ta tashi.

Na fito tsakar gida. Mama ta juyo da ludayi a hannu, ta gyara tsayuwa.

"A'a, sannu da zuwa, 'yata, wa kike…" Sai ta tsaya. Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. "Kai, Jemimah! Ke ce? Wallahi na ɗauka baƙuwa muka yi."

Uwar da ta haife ni ke nan.

Na ce bari in biya ta PZ wurin Anti Chinelo ta duba mini, don na ga kamar ido ɗaya ya fi ɗaya. Na hau bas daga Samaru, muka bi ta Kwangila, yayyafi na dukan gilashi. Anti Chinelo tana da shagon kayan kwalliya a PZ. Iyayenta daga Anaca suka zo, amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi tawa. Ita ke yi wa amaren coci kwalliya. Idan an yi rashi kuma, ita ake kira ta gyara fuskar mamaci kafin a buɗe akwati 'yan'uwa su yi kallon ƙarshe. Kullum cewa take waɗannan sun fi amare daɗin aiki, ba sa motsi, ba sa cewa janbakin ya yi yawa.

Na same ta tana jera man gashi, ta ba ni baya.

"Anti, ina kwana? Zo ki ga 'yarki ta zama 'yar gayu."

Ta juyo da fara'arta. Fara'ar ta tsaya a inda take.

"Wa ya yi miki wannan?"

"Ni na yi. Bai yi ba ne?"

"Da me?"

Na ciro akwatin daga jaka na miƙa mata. Ta kai hannu, da ta ga tsagar madubin sai ta janye, ta goge tafinta a jikin zani duk da ba ta taɓa ba.

"Jemimah, ina kika samo wannan?"

"Othniel ne ya ba ni. Wanda nake ba ki labari, mai fiyano."

Ta jawo kujerar roba ta zauna. "Yesu mai ceto. Ashe shi ne. Wannan na Martina ne. A shagon nan ta saya, a gabana ya faɗi madubin ya tsage, ta ce ba komai, a haka take son abinta. Ba ta fita ko nan da bakin titi sai da koren nan."

Raina ya ɓaci nan take. Kayan tsohuwar budurwa zai ba ni? Ni?

"Lallai ma mutumin nan! Ita ta tafi gida ta bar shi, shi ne zai kwaso tarkacenta ya…"

"Ta tafi gida," Anti Chinelo ta ce a hankali. "Eh. Haka fasto ya faɗa ranar bisonta."

Na ji kamar an zuba mini ruwan randa a baya. Ni da aka haifa a coci, na girma a coci. Sau nawa na tsaya a bakin kabari ina rera waƙa, mai wa'azi yana cewa 'yar'uwarmu ta tafi gida, Ubangiji ya kira ta? Amma da yake a bakin kasuwar Samaru na ji kalmar, da masara a hannuna, ban ji komai ba sai tashar mota da jakar kaya.

"Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki," ta ce. "Ni na yi mata kwalliyar ƙarshe. Shi da kansa ya kawo mini wannan, ya ce in sa mata yadda ta saba. Yatsana ne na ƙarshe a cikin ramin nan. Da na gama na ba shi na ce ya saka a cikin akwatin gawar kafin a rufe. Abin da ya taɓa fuskar mamaci ba ya komawa gida, kowa ya san haka."

Ta ɗauko auduga da man goge fuska. "Zo in cire miki. Yanzun nan."

Da na bari ta goge, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma kun san ni da taurin kai. Na ce a'a. Na ce da wannan fuskar zan je masa, ya kalle ni cikinta ya gaya mini wa yake nema, ni ko ita. Anti Chinelo ta bi ni har bakin shago tana kiran sunana, ban waiga ba. Na tare keke na ce Dogarawa.

Yana tsaye a ƙofar gidansu da lema, cikin farar riga. Da na sauko ya gan ni, lemar ta karkace, ruwa na zuba a kafaɗarsa bai sani ba. Wallahi ban taɓa ganin farin ciki irin wannan a fuskarsa ba, kuma shi ne abin da ya fi ba ni tsoro.

"Daga wurin Anti Chinelo nake," na ce.

Ya sunkuyar da kai.

"Wane gida Martina ta tafi, Othniel?"

"Ban yi miki ƙarya ba."

"Ban ce ka yi ba. Kayan gawa ka ba ni in shafa a idona!"

"Ki rage murya, don Allah, tagar Mama ce wannan." Ya matso. "Mama ba ta sani ba. Martina ce ta yi jinyarta tun farkon ciwon, ita ke ba ta abinci a baki. Da abin ya faru likita ya ce kada a gaya mata, jininta zai iya hawa. Mu kuma ba za mu yi wa uwarmu ƙarya ba. Sai muka ce ta tafi gida. Tun lokacin take jira. Yanzu abinci ma ta rage ci. Ba ta gani sosai, inuwa take gani da launi. Tsayinku ɗaya, Jemimah. Ki shiga kawai ki gaishe ta, hankalinta ya kwanta. Sau ɗaya."

"Shi ya sa ka kafe ni da ido a taron mawaƙa?"

Ya kau da kai. Daga cikin gidan wata siririyar murya ta ce, "Wa ke nan? Ku shigo mana, ana ruwa."

Ban san abin da ya ja ƙafata ba. Tausayi ne ko son in ga ƙarshen abin, oho. Na shiga.

Ɗakin na warin man zafi da sabulun wanki. Labule a sauke, kalandar coci a bango, Littafi Mai Tsarki na Hausa a kan teburi kusa da kwanon kunu da ya huce. Tsohuwar na jingine da matasai, 'yar ƙarama, hannu ɗaya a kwance kan cinya ba ya motsi. Na durƙusa a gaban gadon.

"Ina wuni, Mama? Ya jiki?"

Ta miƙo hannunta mai lafiya ta kama haɓata, ta juya fuskata wajen ɗan hasken da ke shigowa ta gefen labule. Ta daɗe tana kallo. Yatsanta ya bi saman idona a hankali har wutsiya.

"Martina," ta ce. "Kin dawo?"

Na ji Othniel ya ja numfashi a bayana. Na ce, "Na'am, Mama," kuma muryar da ta fito ƙasa-ƙasa ce, mai taushi, ni kaina ban san ina da ita ba.

"Madalla. Othniel, jeka ka ɗumamo mini kunun nan, yau zan sha. Ka bar ni da 'yata."

Ya ɗauki kwanon da sauri har yana tuntuɓe da tabarma. Tsohuwar ta saurara har ta ji ƙarar ƙofar kicin. Ba ta saki haɓata ba.

"Yaya sunanki, yarinya?"

"Mama?"

"Sunanki na gaskiya. Martina ba ta ce mini Mama, Ayang take ce mini, da yarenmu."

"Jemimah," na ce, hawaye na zubo mini.

"Jemimah. Suna mai daɗi." Ta saki fuskata ta koma jikin matashi. "Tun ina budurwa nake Zumunta. Na raka mutane kabari sun fi gashin kaina. Ni za a gaya wa ta tafi gida, a ce ban gane ba? Tun ranar na sani. A daren na yi kukana na gama, na ba Ubangiji."

"To me ya sa ba ki faɗa musu ba?"

"Saboda shi." Ta nuna ƙofa da haɓa. "Muddin ina tambaya yaushe za ta dawo, yana da wanda zai ce wa ta kusa. Ya shigo da safe ya ce mini ta kusa, ya shigo da yamma ya ce ta kusa, sai in ga ya samu ƙarfin fita aiki. Na ɗauka lokaci zai warkar da shi. Ban san zai je ya samo 'yar mutane ya shafa mata wannan abin ba. Ba don ni ya kawo ki ba, 'yata. Kin ga ni ko kunu ban ƙi sha ba, shi ne ba ya zama ya ba ni, sai ya ajiye ya tafi ya rufe kansa a ɗaki."

Ruwa na ta dukan kwano a sama.

"Yaro ne mai kirki," ta ce. "Ba zai zage ki ba, ba zai ɗaga miki hannu ba. Zai riƙe ki kamar ƙwai. Amma ki tabbata ke yake riƙewa. Ni na kusa tafiya, ke ce za ki zauna da shi."

Ya shigo da kunun yana tururi. Ta sha cokali biyu a hannuna don ya gani, ta ce ta gaji, ta sa mana albarka. Har muka fito ba ta sake kiran kowane suna ba.

A zaure na tsaya. Ruwan ya tsagaita, sai ɗigowar indararo. Yana ta godiya, yana cewa ban san abin da na yi masa ba, yana cewa mako mai zuwa ma idan na samu dama. Idonsa na kan fuskata, amma ba cikin idona yake kallo ba, saman idon yake kallo.

Na tara hannu a bakin indararo na jiƙa gefen ɗankwalina. A gabansa na murje idon dama, na murje na hagu, na sake murzawa har fatar ta yi zafi. Koren ya bi ruwa ya gangaro mini a kumatu, ya ɓata wuyan atamfata. Na ciro akwatin na sa masa a aljihun farar rigarsa.

"Me kike yi haka?" ya ce.

"Othniel, ina son ka, ka sani. Tambaya ɗaya zan yi maka, kada ka yi tunani, kada ka kau da kai. Kalle ni."

Ya kalle ni.

"Faɗi sunana."

Ya buɗe baki da sauri, kamar mai cewa wannan ai wasa ne. Ina kallon bakinsa. Kafin sauti ya fito, leɓensa na sama da na ƙasa suka haɗu, suka manne. Ya ji da kansa, ya tsaya cak, idonsa ya cika da ruwa.

Ku gwada da bakinku, jama'a. Ba a haɗa leɓe a fara kiran Jemimah.